Kunnen Dama na Mai Bindiga

Mijina, Allah ya jiƙansa, ba soja ba ne, ba maharbi ba ne, amma duk gidajen ma'aikatan madatsar ruwa da Mai Bindiga aka san shi. Bindigar tasa ba ta harbi. Wuta take fitarwa, wutar ta ɗauko garin ƙarfe, ta narkar da shi, ta watsa shi a jikin wani ƙarfen ya manne kamar fata.

Ni karatuna bai yi nisa ba. Abin da na sani game da aikinsa a bakinsa na ji, sauran kuma a wurin wankin kayansa na gani. A ƙarƙashin madatsar akwai manyan farfeloli da ruwa ke juyawa, juyawarsu ce ke kawo wutar lantarki. To ruwan kogi ba shi kaɗai yake zuwa ba, da yashi yake tafe, musamman da damina. Yashin nan ba ya gaggawa. A hankali yake lasar fukafukan farfela har bakinsu ya yi giɓi-giɓi, jikinsu ya yi ramuka. Idan rani ya yi ruwa ya ja baya, sai a tsayar da inji guda, a ciro farfelarsa a kai ɗakin feshi. Dogo mai walda, aminin mijina, ya cike ramukan. A goge, a kankare ƙarfen har ya yi fari tas. Daga nan sai mijina ya shigo da bindigarsa ya sa mata riga. Haka suke cewa, riga. Rigar ta fi ƙarfen da ke ƙarƙashinta tauri, yashi ya zo ya yi ta gogar ta ya wuce.

Sau ɗaya na taɓa leƙa ɗakin, ranar da ya manta abincinsa na kai masa. Ɗaki ne mai kaurin bango, ba taga sai gilashi ɗaya. Farfelar na zaune a tsakiya, ta fi shi tsawo. Yana cikin kayan da suka rufe shi ruf, fuska a rufe, kunnuwa biyu a rufe da wani murfi mai kama da ƙananan kwanuka. Da ya kunna bindigar, ni da nake bayan bango sai da na ji ƙarar a haƙorana. Ina kallo ya ɗaga hannun hagu, ya ɗage murfin kunnen hagu, ya karkata kai kamar mai sauraren sallama daga nesa. Ya murɗa wani abu, ya sake saurare, sannan ya mayar da murfin ya fara aiki.

Da ya dawo gida na tambaye shi dalili. Ya ce haka Tsoho, wanda ya koya masa aiki, ya koya masa, shi ma Tsoho haka ya tarar. Wai da ido ba a gane lafiyar wutar, sai da kunne. Idan gas da garin ƙarfe sun daidaita, ƙarar tana tafiya sumul kamar ana yaga sabon yadi. Idan ba su daidaita ba tana ɗan tari a ciki, wanda ba ya shiga ta murfi. Rigar da aka yi da wuta mai tari kyakkyawa ce a ido, amma damina ɗaya ta isa ta ɓare ta. Hannun dama yana riƙe da bindiga, hagu ne ba abin da yake yi, shi ya sa kunnen hagu ne kullum ke fita.

Saboda haka duk wani mai feshi a tashar lantarkin nan kunnensa na hagu a mace yake ko yana hanyar mutuwa, kuma abin dariya suka mai da shi. Dogo yakan ce mai feshi ya fi kowa zaman lafiya da iyali, don ƙorafin gida ta hagu yake karɓarsa, kiran abinci kuma ta dama. Mijina ya yi dariya har da buga cinya, ya ce Dogo ma da ke gani dishi-dishi saboda walda shi ya sa yake cewa matarsa ba ta tsufa. Ni ma na yi dariya a lokacin. Allah ya yafe mana.

Gidanmu gaba ɗaya sai ya koma ɓangaren dama. Tabarmata tana damansa. Rediyo yana damansa. 'Ya'yanmu maza sun girma sun tafi neman na kansu, saura Auta, ita kaɗai ce mace. Tun tana rarrafe ta gane inda babanta ke ji. Ko ta hagu ta shigo, sai ta zagaya ta bayansa ta tsaya dama kafin ta buɗe baki. Ba wanda ya koya mata.

Shi mutum ne mai son sauti. Yana gane motar da ta wuce a titi ko ta wane ce, yana gane tafiyar kowa a soro. Abin da ya fi so a duniya shi ne bayan magariba Auta ta zauna damansa tana karatun Alƙur'ani, shi kuma idonsa a lumshe. Ba malami ba ne, amma abin da ya haddace ya riƙe shi gam. Ta ja inda ba a ja, ya ɗaga yatsa ba tare da ya buɗe ido ba, ta koma ta gyara.

Kunnen hagu ya ƙarasa mutuwa a shekarar da Auta ta fara zama budurwa. Wata rana ya kishingiɗa bayan azahar a kan damansa, aka kira la'asar a masallacin da ke bayan katangarmu, bai motsa ba sai da na taɓa ƙafarsa. Likitan tashar ya duba shi, ya ce hagu ya tafi ba dawowa, dama ma ya fara gajiya, amma idan aka kiyaye shi zai kai shi ƙarshen rayuwa. Ya ce kada ya kuskura ya buɗe shi a gaban bindiga.

Muka dawo gida. Da muka shiga ɗaki na ce, "Malam, kunne guda ya rage. Na tashar ya ƙare, wannan namu ne."

Ya ce ya ji, ya kuma yi alkawari. Na san hannu yana da nasa sabon da ba ya shawara da zuciya, don haka da ya kawo murfin kunnen gida na goge masa, sai na ɗaura jan zare a ɓangaren dama, na bar ƙullin a inda yatsa zai taɓa. Na ce idan ya ji ƙullin ya tuna da Auta. Ya ce na mai da shi akuya da ake sa wa alama. Amma bai cire ba.

A wannan lokacin aka kawo sabon Injiniya, matashi mai ladabi, ba ya kiran mijina sai da Baba. Ya zo da wani allo mai agogo-agogo, aka kafa shi a jikin bangon ɗakin feshi. Kowane agogo da allurarsa: wannan ta gas, wannan ta garin ƙarfe, wannan ta zafi. Ya nuna wa masu feshi inda kowace allura za ta tsaya, ya ce daga yau ba wanda zai sake ɗaga murfi. Ni da na ji labarin alwala na yi na yi nafila, don na ɗauka addu'ata ce aka karɓa.

Shi kuwa bai yi murna ba. A gaban Injiniya ya ce to. A gida ya ce allura ba ta da kunne, abin da ba ya ji kuma ba zai gaya masa lafiyar wuta ba. Rani guda ya yi yana aiki da kallon allo, rigunan suka yi kyau, ba wadda ta ɓare. Amma mutumin ya canja. Da, kafin kowa ya fara feshi sai an kira shi ya saurara. Yanzu kowa ya kalli bango ya ci gaba da aikinsa. Ya dawo gida ya zauna, ya ce an mai da shi mai riƙe tiyo. Na ce mai riƙe tiyo mai jin kiran salla ya fi mini.

Sai aka yi wata damina mai ambaliya. Kogi ya zama ja wur, ya kwaso yashin duniya ya zuba wa injinan. Da rani aka ciro babbar farfelar, wadda ta fi duka, aka tarar yashi ya cinye ta kamar gara ta samu itace. Wuta ta yi ƙaranci, manya suna ta waya, Manaja da ba ya sauka daga ofis ya sauko da kansa ɗakin feshi. Dogo ne ya ba ni labarin daga baya. A gaban kowa Manaja ya dafa kafaɗar mijina, ya tsaya ta damansa, ya ce, "Mai Bindiga, wannan ba aikin yara ba ne. Kunnen nan naka da ake ba mu labari, yau muke bukatarsa."

Wataƙila daɗin baki ne kawai irin na manya. Amma ranar mijina ya shigo gida yana waƙa ƙasa-ƙasa, ya ci abinci har ya nemi ƙari, ya tsokani Auta. Rabon da in gan shi haka tun kafin a kafa allon. Ni kuwa na san abin da ke faranta masa rai haka.

Ƙarshen makon ya kawo kayansa wanki. Na zaro murfin daga jaka. Jan zaren ya koma baƙi ƙirin, ƙullin ya lanƙwashe saboda taɓawa. Na ajiye shi a gabansa.

Ya ce, "Kaɗan ne. Kamar ƙiftawar ido, sai in mayar."

Na ce alkawari ba shi da kaɗan. Ya ce farfelar nan ba irin sauran ba ce, fukafukanta suna da lunguna, idan rigar ta ɓare sunansa ne zai ɓare, ba na allura ba. Ya ce idan ya gama wannan ya gama har abada. Na tambaye shi ko allon ya lalace ne. Ya ce lafiyarsa ƙalau. Na ce to me ya rage? Ya ce ba zan gane ba. Gaskiya ya faɗa, har yau ban gane ba.

Aikin ya ɗauki makonni. Ni kuma ina zaune ina kallon kunnen yana tafiya, kamar mai kallon ruwa na tsiyaya daga tulu. Da farko rediyo ne ya fara ƙara murya har maƙwabciya ta aiko tana tambaya ko biki muke yi. Sai ya fara cewa gyare ya shiga ɗakin, ya sa Auta ta ɗaga tabarmi tana nema, alhali kukan a cikin kansa yake. Sai ya fara kallon bakina idan ina magana. Na roƙe shi, na yi fushi, na daina magana, na koma roƙo. Na je wurin Dogo, ya ce, "Matar aboki, wa ya isa ya karɓe bindiga a hannunsa yanzu? Ki bari a gama."

Wani maraice Auta tana karatu a damansa ta tsallake aya guda. Ita da kanta ta ji, ta tsaya tana jiran yatsan. Yatsan bai ɗagu ba. Idonsa a lumshe, yana gyaɗa kai, yana murmushi, ita kuwa ta riga ta yi shiru. Ta juyo ta kalle ni. Na yi mata alama ta ci gaba. Ta ci gaba, shi yana ta gyaɗa kai.

An gama farfelar, an mayar da ita, wuta ta dawo. Manaja ya yi jawabi ya ambaci sunansa, aka tafa. Mijina yana tsaye a gaba, sai da ya ga hannuwa na motsi ya san da shi ake.

Bayan haka lokacin gwajin kunne na shekara ya zo. Likita ya sa masa na'ura, ya ce ya ɗaga hannu idan ya ji ƙara. Hannun bai tashi ba sai can ƙarshe. Daga asibiti maganar ta hau ofis, daga ofis ta sauko da wata fuska. Wai ya karya dokar kariya, ga gargaɗi nan a manne a ƙofar ɗakin feshi da manyan haruffa, ga kuma allo da aka kawo don kada kowa ya buɗe kunne. Manaja ya ce shi bai taɓa cewa wani ya ɗaga murfi ba. Na yi ta juya maganarsa a raina, na ga lallai bai faɗa ba. Mutum ne mai iya zaɓen kalma.

Aka ɗauke shi daga ɗakin feshi aka kai shi sito yana jera gwangwanayen garin ƙarfe. Bai daɗe ba wata rana injin ɗaga kaya ya taho ta bayansa yana buga ƙararrawa, kowa ya kauce sai shi. Allah ya kiyaye, Dogo ya fizgo shi. Washegari aka ce ya je gida ya huta.

Shekarun da suka biyo baya ba su da labari mai yawa, shiru ne. Ba ya jin muryarsa, don haka wani lokaci ya yi magana kamar mai faɗa, wani lokaci leɓe kawai ke motsi. Abokai suka riƙa zuwa, suka gaji da ɗaga murya, suka rage, sai Dogo kaɗai. Shi zai zo su zauna a ƙofar gida ba mai cewa komai, can Dogo ya zana wata tsiya da yatsa a ƙasa, su yi dariya. A masallaci sai ya saci kallon na kusa da shi kafin ya san an yi ruku'u. Wata rana ya riga liman ɗagowa, wasu suka juyo suna kallonsa bayan sallama, daga nan ya koma sahun ƙarshe kusa da ƙofa. Wannan ya fi korar aiki yi masa ciwo. Bai faɗa ba, a tafiyarsa na gani.

Tabarmata ta bar dama ta koma gabansa, inda zai ga bakina. Yakan dafa bangon ɗaki da tafin hannu, ya daɗe a haka, ya ce yana jin injinan suna juyawa, har da tasa. Ban sani ba ko gaskiya ne, don tashar tana da ɗan nisa. Ban taɓa musa masa ba. Sau ɗaya kawai ya yi maganar zaren. Ya ce, "Ina jin ƙullin kowane lokaci. Ba mantawa na yi ba." Da ya ce mantawa ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Auta ta auri wani mai feshi, mutumin kirki, wanda a hannun babanta ya fara riƙe bindiga. Ban so ba, amma ban ga aibin da zan nuna ba. Da ta haihu aka miƙa wa mijina jaririn yana tsala kuka. Ya kalli bakin a buɗe, ya ɗora yatsu biyu a ƙirjin yaron, ya ce, "Wannan akwai murya." Ya miƙo mini shi ya fita waje.

Ciwon ƙirji ne ya ɗauki mijina, bai daɗe a kwance ba. Ina ta maimaita masa kalmar shahada a kunnen dama bisa sabo, sai na tuna, na koma gabansa na yi da leɓe. Ya bi ni. Wannan kam na gode wa Allah.

Bayan na fita takaba, Dogo da Injiniya suka zo gaishe ni. Dogo ya tsufa, ana riƙe masa hannu a bakin ƙofa. Ya ce albishir suka kawo: an ciro babbar farfelar a ranin nan don dubawa, rigar tana nan daram, yashi bai samu ko wurin sa haƙori ba. Ya ce duk tashar maganar ake yi, kunnen Mai Bindiga ba irin na mutane ba ne.

Na bari ya gama. Na juya wurin Injiniya, wanda tun da ya zauna kansa ke ƙasa. Na ce tsakaninsa da Allah ya gaya mini, da mijina bai buɗe kunnen nan ba, da rigar za ta ɓare?

Ya ɗago kai ya dube ni. Sannan ya ce, "Mama, ni ne a gaban allon tun daga farko har ƙarshe. Duk lokacin da Baba ya saurara ya ce wuta ta yi, allura ta riga ta tsaya a wurinta. Ko sau ɗaya ba su saɓa ba."

Na ce to ya gaya masa?

"Na gaya masa. Dariya ya yi, ya ce ashe allurar ta fara koyon aiki."

Na ce me ya hana shi karɓe bindigar? Ya ce sa'an mahaifinsa ne, ga Manaja ya yabe shi a gaban jama'a, nauyi ya ji. Idonsa ya kawo ruwa. Ban zage shi ba, ban kuma ce ba komai ba, don akwai komai. Dogo dai bai yarda ba, ya ce allura ta ga gwani ne ta bi shi. Na kawo musu ruwa suka sha suka tafi.

Yanzu a gidan Auta nake zaune. Allon yana nan a ɗakin feshi, har an kawo wanda ya fi shi. Amma na ji masu feshi idan aiki mai wuya ya zo, sukan faki ido su ɗan ɗaga murfin hagu. Hujjarsu babbar farfelar: ga aikin kunne nan, shekaru yana cikin ruwa ko gezau. Na samu mijin Auta na gaya masa abin da Injiniya ya faɗa, kalma da kalma. Ya durƙusa ya saurare ni da ladabi, ya ce, "Haka ne, Mama. Ni ai ba na yi, sai dai kaɗan."

Jiya da maraice mijin Auta yana zaune a tsakar gida ya dawo daga aiki. Auta ta fito daga kicin da kwanon abinci, ta hagunsa ta fito. Ina kallo ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta fasa. Ta zagaya ta bayansa, ta tsaya dama, sannan ta ce masa ga abinci. Ita ba ta ma san ta yi ba.